Katsin da Na Kai Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ba ni da sakat a majalisarmu ta Sheshe. Da na cire takalmi zan zauna sai wani ya ce, "Malam Habibu, yaya mutanen Faransa?" Wani kilishi yake tambaya, wani kuma so yake ya ji ko gaskiya ne an tsare ni a bakin iyaka. Kowa guntun labari nake ba shi in yi shiru, domin ba tafiyar da nake jin daɗin tunawa ba ce. To na gaji da guntaye. Ga shi nan gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa ya karanta.

Ga wanda bai san ni ba, ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a sashen kayan gini na wata kwaleji a nan Kano. Sama da shekara ashirin aikina ke nan: a kawo bulo, in sa a na'ura ta matse shi har ya fashe, in rubuta lamba. Mahaifinmu kuwa magini ne, Allah ya ji ƙansa. Shi ya gina soron gidanmu da hannunsa, ya shafe rufin da laso. Laso shi ne simintin mutanen da. Ana haɗa shi da katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin rijiyar rini, wanda ake busarwa a ƙone a daka, sai ruwan dafara mai yauƙi, sai gashin akuya. In ya bushe a kan rufi, ruwa sai dai ya bi indararo.

A daminar bara soron ya fara yoyo ta kusurwar da ke manne da ɗakin Inna, mahaifiyarmu. A daminar ce kuma rufin wani gida ya rufta a bayan layinmu, Allah ya sa babu kowa a ciki. Sai Yaya Garba, babban wanmu, wanda ragamar gidan ke hannunsa, ya ce kafin ruwa ya sake sauka za a sauke rufin a buga kwano. Na ce a bar ni in sake shafe shi da laso.

"Wa ya rage a garin nan mai haɗa laso?" in ji shi.

Na ce ni.

Ya ce, "Kai da ko tubali ba ka taɓa cura ba? To, ai ku 'yan boko da takarda kuke magana. Kawo min takarda mai hatimi da ta ce abin da ka haɗa yana riƙe ruwa, in bar maka soron. In babu, da hadari ya fara haɗuwa leburori za su hau."

Ban ga laifinsa ba, Inna yake ji wa tsoro. Ni kuma ba na son in ga an sauke abu ɗaya da ya rage mana wanda hannun Baba ya taɓa.

Inna ce ta lissafa min kayan haɗin yadda take gani Baba na yi. Dafara na samo wajen masu saiwoyi a kasuwa, gashin akuya wajen majema. Katsi ne ya ba ni wahala. 'Yan tsirarun marinan da har yanzu ke rini a rijiya sun ce ba sa sayarwa, da shi suke sake haɗa rininsu. Sai wani ya nuna min wani lungu a Gwale inda ake rinin shadda a durum. Na ce da maigidan wurin katsi nake nema. Ya ce, "Katsi? Ga shi can tuli guda, Malam. Ɗebi iya son ranka, ka rage mana shara." Na cika buhu ina murnar na yi sa'a. Na ƙona, na daka, na haɗa, na fitar da 'yan dunƙule guda shida, kowanne kamar tafin hannu. Da suka bushe na zuba wa ɗaya ruwa da buta, ruwan ya gangare. Ban jiƙa shi a roba ba. Na ce da kaina tattalinsu nake yi, amma in za a faɗi gaskiya tsoro nake ji.

Na'urarmu ta kwaleji mai faɗin abin da ke cikin ƙasa ta daɗe a lulluɓe da leda tana jiran gyara. Shi ya sa na tuna da Madam Hadiza, wata mai bincike kan ginin ƙasa da muka taɓa haɗuwa da ita a wani taro. Tana aiki a wata cibiya a Damagaram. Na buga mata waya, ta ce in zo da kayana.

Na shiga mota da hantsi, ana tsakiyar bazara. Mu huɗu a kujerar da aka yi wa mutum uku. Kwalin kayana na ɗora a cinya don ban yarda da but ba, inda aka danna katifu da jarkoki da buhunan taliya. Kusa da ni wata Hajiya ce 'yar kasuwa mai kai atamfofi, wadda ta ga kwalin nawa ya yi mata daidai da tebur, ta ɗora kular abincinta a kai tun daga tasha. Na ce, "Hajiya, kayan aiki ne a ciki." Ta ce, "Ai ba ta da nauyi, Malam." Tana da nauyi.

Mun wuce Kazaure kaɗan taya ta fashe. Direba ya fito da safaya, ita ma babu iska. Ya tare mai babur ya tafi da ita gari, ya bar mu a gindin wata bishiya da ba ta da ganyen kirki. Sa'a biyu muna canza wurin zama muna bin 'yar inuwar. A Daura muka yi azahar, ƙafata ta hagu ta riga ta daina ji.

To sai bakin iyaka, inda kuka fi son ji. Ta ɓangarenmu ba a ce min komai ba. A ɓangarensu wani ma'aikacin duwan, wato kwastan ɗinsu, ya ce in buɗe kwali. Na buɗe. Ku dubi abin da mutumin nan ya gani: ƙullin gari mai ruwan toka, ƙullin gashin akuya, busassun saiwoyi, da wasu dunƙule-dunƙule naɗe a tsumma.

"Wannan mi ne ne?" ya tambaya.

Na ce kayan bincike ne. Na miƙa masa wasiƙar kwalejinmu. Ya juya ta gaba da baya, da Ingilishi aka rubuta, shi kuwa Faransanci ya karanta.

"Malam, ka faɗi gaskiya. Boka ne kai?"

Na ce ni ma'aikacin kimiyya ne. Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya zo ya shinshina garin ya yi atishawa. Suka ce dole su ga abin da ke cikin dunƙulen. Ba zan ce sun zalunce ni ba, aikinsu suke yi, amma da na ji ƙarar dutse a kan dunƙule na farko sai da na runtse ido. Suka ga gashi ne da ƙasa, suka dubi juna. Sai da na kira Madam Hadiza ta yi musu Faransanci mai tsawo a waya sannan suka ce in tafi. Shida suka koma biyar.

Da muka koma mota sai na ga an buɗa min wuri. Hajiya ta sauke kularta ta riƙe a cinyarta. Muna dab da Matamaye ta matso ta ce a hankali, "Malam, ni fa kasuwa ce ta tsaya min tun bayan salla. Ko akwai ɗan abin da za a taimaka?" Na ce, "Hajiya, wallahi rufin ɗaki nake haɗawa." Ta gyaɗa kai irin na wadda ta gane ba a son magana a gaban mutane. Har muka rabu a tasha ba ta yarda ba.

A ƙofar cibiyar maigadi ya tarbe ni da fara'a ya ce, "Sannu da zuwa, Mushe." Na tsaya cak. Na san na gaji, na san na yi gumi, amma ban zaci har na kai a kira ni mushe ba. Sai daga baya na gane haka suke kiran duk namiji ɗan boko, girmamawa ce. Kwana takwas na yi ana ce min Mushe Habibu, ban taɓa amsawa da daɗin rai ba.

Masaukin baƙinsu kuwa, cibiyar da ke binciken ginin ƙasa, da bulon siminti aka gina shi aka rufe da kwano. Da rana ba ya shiguwa. Fanka tana juyawa amma iskar da take kawowa ta murhu ce. Na faɗa wa Madam Hadiza, ta yi dariyar gajiya ta ce ta yi shekaru tana faɗa, waɗanda suka gina sun ce ginin ƙasa na ƙauye ne.

Abincinsu ba laifi, sai dai burodin. Dogo ne kamar sanda, ɓawonsa ya yanka min dasashi tun ranar farko. Furarsu kuwa ta fi tamu, wannan na faɗa ko da mutanen gidanmu za su ji haushi. Shayi sau uku ake zagayowa da shi a 'yan ƙananan kofuna, in ka sha na farko ka tashi ka yi rashin kunya. Lokaci kuma wani iri suke ƙirga shi. Madam ta ce min in dawo ƙarfe goma sha biyar, na tsaya ina jiran ta gyara bakinta, ashe ƙarfe uku take nufi. Tsakar rana kowa rufe ofis yake ya tafi gida ya kwanta. Mu a nan sai mu zauna a ofis ɗin ba ma aikin, su aƙalla ba sa ɓoyewa.

Washegarin zuwana aka fara. Madam mace ce mai ƙarancin magana, hannunta kullum da ƙasa. Ta auna nauyin dunƙulen, ta sa biyu a na'urar matsa, suka daure fiye da yadda na zata. Zuciyata ta yi sanyi. Sai ta ɗauki ukun da suka rage ta jera su a baho, ta cika da ruwa, ta rubuta lokaci a jiki. Garin katsin kuma ta ɗiba ta aika ɗakin da na'urar tantancewa take, ta ce sakamako sai bayan kwana biyar, akwai layi.

Da safe na riga kowa zuwa. Ruwan bahon ya yi shuɗi-shuɗi, gefunan dunƙulen sun fara zubewa. Na ce wataƙila saman ne kawai. Rana ta biyu na taɓa ɗaya da yatsa, yatsan ya shige. Rana ta uku babu dunƙule a bahon, sai kunu, gashin akuya yana yawo a sama. Na zauna a kan benci. Madam ta zo ta duba, ta rubuta, ta koma aikinta, ba ta yi min jaje ba. Na gode mata da wannan.

Da yamma ta ce in zo mu je wajen wani tsoho da take aiki da shi, Baba Illa, magini ne a tsohon garinsu. Muka same shi a zaurensa, wani zaure mai sanyi da ya tuna min da namu har na ji ba daɗi. Idonsa ɗaya ya mutu, amma da na ce daga Kano nake sai ya gyara zama. Ya ce a ƙuruciyarsa ya yi aiki tare da maginan Kano, ba a kai su iya laso ba. Na faɗa masa yadda na haɗa nawa, mudu kaza na wannan, kwano kaza na wancan. Ya ce haɗin bai ɓaci ba. Sai ya ce in ba shi katsin.

Na zaci dubawa zai yi. Sai ya lashi yatsa, ya dangwala, ya ɗora a harshe. Ya ɗan jima yana tauna baki, sannan ya tofar gefe.

"Ɗana, wa ya ba ka wannan?"

"Marini ne, Baba. A wajen rini na ɗebo da hannuna."

"Da mi yake rini?"

Ban tambaya ba.

"A rijiya yake yi ko a durum?"

"A durum."

"To ai shi ke nan," in ji shi. "Katsi toka ce, ɗana. Tokar itace ce da aka zuba wa baba, ganyen rini, a rijiya, ta sha ruwa wata da watanni, ta kwanta. In ka ƙone ta ka sa a harshe, kama shi take, ta busar da miyau. Wannan naka santsi gare shi awa sabulu, ga zartsi. Masu durum ba su sa toka, hodar kanti suke sawa. Marinin nan bai yi maka ƙarya ba. Ubansa katsi yake ce ma abin da ya kwanta, shi ma katsi yake ce mishi."

Kunya ce ta kama ni, ba baƙin ciki ba. Da baƙo ne ya zo Kano yana neman katsi, da ya yi tambaya goma: da me ake yi, daga ina yake fitowa, me ake zubawa. Ni kuwa haifaffen cikin ganuwa ne, ɗan magini, na san katsi tun ina wasan ƙasa. Na ce katsi, mutumin ya ce katsi, muka fahimci juna sarai, na ɗauko buhun shara na kawo wata ƙasa.

Bayan kwana biyu na'ura ta fito da nata bayanin, ta maimaita abin da harshen tsoho ya faɗa a kyauta. Sinadarin da ke sa laso ya daskare, irin wanda ke cikin farar ƙasa, kusan babu shi a garin nawa. Soda ce ta yi yawa, ita kuwa ruwa narkar da ita yake. Yauƙin dafara ne kaɗai ya riƙe dunƙulen har suka ruɗe ni.

Madam ta ce abin bai mutu ba. Tun da toka ce asalin, ana iya gwada tokar gidajen burodi ko ta masu dafa abinci, a tace ta, a ƙone, a ga ko za ta maye gurbin katsi. Amma aikin watanni ne, kuma sai an sami laso na gaskiya an gwada da shi, a san me ake nema. Sai ta tambaye ni, "Mushe Habibu, rufin da kake magana, ba laso ne a kai ba? Mi ya hana ka ɓalgato mana?"

Na ce ai rufi ne, ba a fasa rufi ana jiran damina. Ta ce gaskiya ne, kuma guntu ba zai isa ba, sai manyan ɓallaye tun daga sama har ƙasa. Amma ba wannan ne dalilina ba. Shekara ashirin ina fasa kayan ginin mutane, ban taɓa ɗaga kai na dubi wannan rufin a matsayin abin gwaji ba. Aikin Babanmu ne kawai.

Ta ba ni takarda mai shafi biyu, da hatimi shuɗi a ƙasa, duk da Faransanci.

Dawowar ba ni da abin faɗa a kanta. Babu kwali, ba wanda ya tsare ni. Takardar tana aljihun gaba, kuma tun daga Matamaye har Kazaure abu ɗaya nake juyawa a raina: babu mai jin Faransanci a gidanmu, babu a layinmu. Hatimi Yaya ya nema, ga hatimi. In na ce ta ce yana riƙe ruwa, zai bar min soron shekara guda, in samu in gyara kuskurena a ɓoye. Ban ɓoye muku ba, har kalmomin da zan faɗa na shirya. Muna shigowa gari na ga gabas ta yi duhu.

Na tarar da Yaya a soron bayan la'asar, Inna na zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana jan carbi, daidai ƙarƙashin tabon yoyon bara. Ya karɓi takardar, ya duba hatimin, ya shafa shi da yatsa.

"To, me ta ce?"

Na dubi tabon, na dubi Inna.

"Ta ce bai riƙe ba, Yaya. Kwana uku ya narke. Ni na yi kuskure, ba katsin gaskiya na samo ba. Amma an gano hanya. In ka ba ni shekara ɗaya..."

"Habibu," ya ce, ba da faɗa ba, "ka ga gabas?"

Na ce na gani.

Ranar Asabar leburori suka hau. An mayar da Inna ɗakin ciki, ta ce a rufe mata ƙofa. Na so in bar gidan, ƙafata ta ƙi. Na tsaya a tsakar gida ina jin diga tana sauka. Shugaban leburorin ya ce kafin azahar sun gama, amma har la'asar ba su ci rabi ba. Digar sai ta daki rufin ta yi tsalle ta dawo. Ɗaya daga cikinsu ya leƙo yana share gumi ya ce da Yaya, "Alhaji, wane irin siminti aka sa a nan? Ya cinye mana bakin diga." Da suka isa kusurwar da ke yoyo sai ga azara biyu da gara ta cinye, su ne suka sauka suka tsaga rufin. Lason kansa lafiyarsa ƙalau.

Ɓallayen suna faɗowa tsakar gida manya-manya, farare-farare, gashin akuya na leƙowa ta gefensu. A jikin wani na ga sawun yatsu huɗu inda aka shafe shi yana ɗanye. Na kasa sunkuyawa.

Yaya ne ya sunkuya. Ya ɗauki wannan ɗin, ya daɗe yana juya shi. Sannan ya tattaro gaban babbar rigarsa, sabuwar shadda ce, ya fara tsince su yana zubawa a ciki.

"Matar nan ta Damagaram," ya ce, bai dube ni ba, "kamar guda nawa take buƙata?"

Na ce kaɗan ma ya isa.

Ya ci gaba da tsincewa.